Daga Gonar Auduga Zuwa Keken Tela



Ni mutumin Jabo ne, cikin ƙasar Tambuwal. Dattawanmu sun ba mu labari cewa a zamanin da, riga ba ta yin doguwar tafiya. Manomi ya noma auduga, mata su kaɗa zare da mazari, masaƙi ya saƙa, marini ya tsoma a baba, maɗinki ya ɗinka.

Da Turawa suka zo sai tafiyar ta ƙara nisa, amma tana da tsari. Jirgin ƙasa ya isa Ƙaura Namoda a 1929, ana auna auduga a fuloti, a gurje ta a Gusau da Funtuwa. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles. Manomi ya san mai sayen kayansa tun kafin ya yi shuka.

A 1986 Gwamnatin Tarayya ta rushe hukumomin cinikin amfanin gona, har da ta auduga. Manomi ya rasa iri mai kyau, ya rasa tsayayyen farashi. Masaƙu kuwa rashin wutar lantarki da kayan fasa-ƙwauri suka durƙusar da su. Ita kanta Kaduna Textiles ta tsaya a 2002.

To, yau ina aka kwana? Yadin da telan Jabo ko na Kebbe yake yankawa, galibi daga Sin ya taso. Ya ƙetare teku, ya sauka Kantin Kwari a Kano, ɗan sari ya kawo shi Sakkwato, ɗan koli ya kai shi kasuwar ƙauye. Kowane hannu da ribarsa, kowace mota da kuɗinta, talaka ne ke biya.

Ba mu da ikon ta da masaƙa, amma muna iya rage hannuwan. Bukatar tufafi ba ɓoyayya ba ce: an san lokacin Salla, an san ranar komawa makaranta, an kuma san yawan 'yan makaranta. In telolin gari suka kafa ƙungiyar gama kai, suka haɗa kuɗi, suka sari bandir-bandir kai tsaye daga Kano tun watan Sha'aban, mota ɗaya ta ishe su, tsadar jajibere kuma ba ta same su ba.

Wa zai riƙe musu lissafi, ya rubuta musu takardar rajista? Mu ne, da ku ƙananan ma'aikata. Da kuɗin iyayenmu aka ilmantar da mu. In an ba da hutu, kowa ya zauna da telan unguwarsu.