Kututture Bai Mutu Ba

Karatu: Ayuba 14:7-9



A wurin da muka karanta, Ayuba yana cikin tsananin baƙin ciki. Ya dubi itacen da aka sare, ya ga in ya sami laima yakan sake toho. Har ya ga kamar kututture ya fi mutum sa zuciya.

Abin da Ayuba ya gani, an gan shi a ƙasar Maraɗi, maƙwabtanmu na arewa. A shekarar 1983 wani ɗan mishan na SIM, Toni Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya gaji da dashen itatuwa, gama yawancin abin da ya dasa mutuwa yake yi. Wata rana ya tsaya a hanya domin ya rage iskar tayar motarsa saboda rairayi. Sai idonsa ya kai ga wani ɗan tsiro. Da ya matsa kusa, ashe tohon kututture ne, saiwarsa tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Irinsa kuwa ga su nan birjik a gonaki, kowace shekara ana sassabe su ana ƙonewa.

Daga nan aka soma abin da mutanen Nijar ke kira sassabin zamani. Manomi zai zaɓi kututture, ya bar tsiro mafi ƙarfi, daga ɗaya zuwa biyar, ya yanke sauran, ya rage ƙananan rassa, sa'an nan ya tsare shi. Da fari dariya aka yi. Ko bayan yunwar 1984, da aka daina ba da abinci saboda aikin, mutane da yawa sun sare nasu. Amma waɗanda suka jure sun sami itacen girki da abincin dabbobi, iska ta rage binne musu shuka, tsuntsaye kuma suka sami wurin sheƙa. An kiyasta itatuwan da suka dawo a Nijar ta wannan hanya sun kai miliyan 200, a fili wajen hekta miliyan 5.

Ku lura, mutum ɗaya ba ya iya tsaron itace. A ƙauyen Ɗan Saga, kusa da Agye, mutanen gari sun kafa kwamitin kula da itatuwa, da maza da mata, da manoma da makiyaya. Manomi da makiyayi a tabarma ɗaya! Mu da muka ga abin da gaba tsakaninsu ta jawo a Zamfara, mun san darajar wannan.

To, 'yan'uwa, me zai hana mu? Dajin Dumburum ya zama abin tsoro, ba na ce kowa ya shiga daji ba. Amma akwai filin ikkilisiya, da gonar bayan gari, da bakin kogin Gagare. Sabara da kalgo da gawo suna nan suna jira. Bari matasa da Zumuntar Mata da 'yan makarantar Lahadi su haɗa ƙungiya, su yi aikin gayya, ba domin kuɗi ba. Ku gayyaci maƙwabtanku Musulmi, gama inuwa ba ta tambayar addinin mai zama. Lauje da haƙuri kaɗai ake bukata. Ku tuna, bisa ga Farawa 2:15, aikin Adamu na fari shi ne noman gona da kiyaye ta.

Kai kuma da kake ji kamar an sare ka, gona ta tafi, dabbobi sun tafi, ka duba Ishaya 11:1. Daga kututturen gidan Yesse Allah ya fito da Almasihu, wanda ya tashi daga matattu. Shi ne amsar kukan Ayuba. Muddin saiwarka tana cikinsa, ba ka mutu ba.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka gafarta mana ɓarnar da muka yi wa ƙasarka. Ka ba mu salama, ka mai da kowa gonarsa, ka sa mu zama masu riƙon amana. Cikin sunan Yesu. Amin.