Yadda Taɓon Haƙa Ke Toshe Idon Rijiya

Jama'a, sau da yawa akan ji mutanen unguwa sun haɗa kuɗi an haƙa musu rijiyar burtsatse, injin ya kai ga ruwa a gaban kowa, amma da aka sa famfo sai ta riƙa bayarwa kaɗan-kaɗan. Nan da nan sai a ce ai wurin ba shi da ruwa. Wani lokaci haka ne. Wani lokaci kuwa ruwan yana nan, hanyarsa ce aka toshe tun ranar haƙa, kuma taɓon da aka yi aikin da shi ne ya toshe ta. Masu haƙar man fetur ma suna fama da wannan matsala.

Da ruwa da mai ba a kwance suke cikin ƙasa kamar tafki ba. Suna zaune ne a cikin ƙananan kafofi da ke tsakanin ƙwayoyin yashi, ko cikin tsagar dutse. In kafofin suna haɗe da juna, mai ko ruwa ya ratsa ya gangaro cikin rijiya. Ma'aunin wannan sauƙin ratsawa sunansa darsi, don tunawa da Henry Darcy, injiniyan Faransa wanda ya bayyana ƙa'idar a shekarar 1856.

Shi taɓon haƙa ba a yin aiki sai da shi a wurare da yawa. Akan dama ruwa da wata laka mai kumbura da ake kira bentonait, a rijiyar mai kuma a ƙara garin barait don nauyi, irin dutsen nan da ake tonowa a Azara ta Jihar Nasarawa. Taɓon yana sanyaya bakin injin, yana ɗauko ɓarɓashin dutse zuwa sama, yana kuma danne gas kada ya yi tsiri ya hallaka ma'aikata. Saboda haka da gangan ake sa matsinsa ya fi na abin da ke cikin dutsen. To, nan gizo ke saƙa, domin wannan matsi shi ke tura taɓon cikin kafofin.

Abin ya danganta ga girman ƙwaya. Manyan ƙwayoyi sukan tsaya a bakin kafa su yi yaɓe a jikin bangon rijiya. Wannan da sauƙi, ana iya wanke shi. Ƙanana ainun sukan wuce abinsu. Masu ɓarna su ne matsakaita, waɗanda kan shiga su maƙale a inda kafar ta tsuke, na baya su taru a kansu har hanya ta rufe daga ciki. A shekarar 1977 wani injiniya mai suna Abrams ya nuna cewa idan aka sa ƙwayoyin da suka kai kashi ɗaya cikin uku na faɗin kafar, za su yi maza su datse bakinta, sauran su kasa shiga. Toshewar ba ta cika wuce 'yan inci kaɗan ba, amma kowane ɗigo da rijiya za ta bayar sai ya bi ta cikin waɗannan inci. Ruwan taɓon kuma yakan tsiyaye ya yi nisa, ya kumbura lakar da ke cikin dutsen.

Wannan magana ta shafi Arewa. Kamfanin Shell ya haƙa rijiyar farko a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, a 1999. NNPC ta ba da sanarwar samun mai a rijiya ta biyu a 2019. A irin wannan sabon fili, rijiyar da aka toshe tana iya yaudarar masu gwaji su raina arzikin da ke ƙasa. Shi ya sa idan an kusa dutsen mai akan fi son garin farar ƙasa, wanda asid ke narkarwa daga baya, bisa ga barait wanda ba ya narkewa.

Mubi kuwa tana zaune bisa tsohon ƙaƙƙarfan dutse a gindin duwatsun Mandara, ba ƙasar mai ba ce. Arzikinta ruwa ne, kuma yana cikin ruɓaɓɓen dutse na sama, da tsagogi, da yashin gaɓar kogin Yedzaram. A ƙaƙƙarfan dutse haƙa da iska ya fi, domin tsaga mai faɗi tana haɗiye taɓo ya yi nisa inda wanki ba ya kaiwa. A cikin yashi, inda bango kan rufta, dole a yi da taɓo, amma kada a yi masa kauri, kada kuma a bar shi ya kwana kwanaki a rami. Da zarar an sa bututu da tsakuwa, sai a hura iska a yi ta wanke rijiyar har ruwa ya fito garau babu yashi. Wannan aiki yana cin awoyi da man inji, don haka shi ne ɗan kwangila mai gaggawa ya fi yanke wa. Ya kamata kwamitin unguwa ya rubuta wankin rijiya da gwajin famfo cikin yarjejeniya, ya riƙe cikon kuɗi har sai an yi su a gaban wakilansa.