Jawabi ga Ikilisiyoyi: Mu Koyi Faransanci Kaɗan



Tun 2019 rashin tsaro ya kori dubban mutanen Zamfara, Sakkwato da Katsina zuwa jihar Maraɗi a Nijar. Can ana jin Hausa, har a 2025 hukuma ta mai da ita harshen ƙasa. Amma takardun asibiti galibi da Faransanci ake rubuta su. Uwar da ta kasa karanta takardar magani tana iya ba ɗanta fiye da ƙima.

Shi ya sa muka buɗe ajin yamma. Kada ku ji tsoro. A Hausa muna cewa "ina sha, muna sha, kuna sha". Kalmar "sha" ba ta canzawa. A Faransanci kuwa ƙarshen kalmar aiki yana bin mai yin aikin: je prends, nous prenons, vous prenez. Idan kun ga ƙarshen -ez, da ku ake magana. Prenez un comprimé matin et soir, wato ku sha ƙwaya ɗaya safe da yamma.

Kalma biyar a mako ta isa. Iyaye mata, ku zo da 'yan matanku.