Lacca a kan Makanikin Jirgin Ruwa na Gwamnati

Ya ku 'yan'uwanmu talakawa, da ku fatake da 'yan kasuwa, yau muna so mu yi muku bayanin wani ma'aikaci wanda kuka daɗe kuna cin moriyarsa ba ku san fuskarsa ba, watau makanikin jirgin ruwa.

In kun shiga jirgi a Kwara ko Binuwai, matuƙi kuke gani. Makaniki yana can ƙasa wurin inji, cikin zafi da ƙara da baƙin mai. A zamanin jirgin tururi shi ne mai lura da tukunya, kada ruwanta ya ƙafe ta fashe. Da aka koma injin dizal, sai aikinsa ya zama tsaron famfon da ke sanyaya inji, domin ruwan kogi yashi gare shi, yana toshe matata, inji ya ɗau zafi ya tsaya. In kuwa inji ya tsaya a tsakiyar kogi, matuƙi ba shi da ta cewa, sai inda ruwa ya kai su.

Zamanin Turawa akwai ma'aikatar Gwamnati ta jiragen ruwa, tana da wuraren gyara a Lakwaja da Afafa ta Ikko. Da rani, sa'ad da ruwa ya janye, a nan ake jawo jirage tudu a kwance inji a gyara. Da damina ruwa ya cika, sai jirage su hau Binuwai har Yola, su kai gishiri da kananzir, su sauko da gyaɗa da auduga. Kwanakin kaɗan ne. Jirgin da injinsa ya lalace a lokacin nan ya yi hasarar shekara, mai kaya kuma ya yi hasara tare da shi.

To, mene ne ladansu? Bature injiniya yana da gida da hutu zuwa Ingila, baƙin mutum mai riƙe da sufana albashinsa bai kai ƙarshen wata. Saboda haka a watan Yuni 1945 ma'aikatan jiragen ruwa suka shiga babban yajin aiki tare da na reluwe, Michael Imoudu yana gaba. Aka yi fiye da kwana 40. A 1946 aka ƙara musu kuɗin tsadar abinci. Kun ga ba roƙo ya ba su ba, haɗa kai ne.

Daga baya aka rarraba ma'aikatar. A 1955 Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta soma aiki, a 1956 aka kafa sojan ruwa, sa'an nan a 1997 aka kafa hukumar hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, babban ofishinta yana Lakwaja.

Hanyar mota da gadoji sun ɗauke yawancin kaya, amma mutanen bakin kogi ba su bar cin kasuwa da jirgi ba. A watan Yuni 2023 jirgin katako ya kife kusa da Pategi, mutum fiye da 100 suka halaka, suna komowa daga biki. Talakawa ne irinmu.

Don haka abu uku muke nema. Gwamnati ta koya wa 'ya'yan talakawa wannan sana'a, ta biya su albashin da zai riƙe su. Ta sa gwani a kowace babbar mashiga, ya duba inji da jikin jirgi da yawan lodi kafin a tashi. Ku kuma, in kun ga jirgi ya sha lodi har ruwa ya kusa bakinsa, ku sauka ku jira na baya. Gara kasuwa ta wuce ku da a je nemanku da koma.

Allah ya kiyashe mu, ya ba mai gumi hakkinsa. Amin.