Izu da Juz'i: Daga Ina Kalmomin Suka Fito?

(Jawabin da aka yi wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci a ƙasar Dambatta)



A gidaje da yawa ana 'yar gardama. Uba ya yi karatun allo, ya san Alƙur'ani izu 60 ne. Ɗansa yana Islamiyya, ya ce a'a, juz'i 30 ne. Wani uban har ya kan yi zaton an sauya wa yaro karatu, ya ce zai cire shi daga makaranta. To, dukkansu suna da gaskiya.

Kalmar izu, ko izifi, daga Larabci ta fito, wato hizbu. Ma'anarta ƙungiya, ko kason da mutum ya ɗaukar wa kansa zai riƙa karantawa kullum. Kalmar ta tsufa. Sahabban Annabi (SAW) sun kasa Alƙur'ani kashi 7, suna sauke shi cikin mako guda. Daga baya malamai suka kasa shi 30, suka kuma kasa shi 60, domin sauƙaƙa wa mai karatu. Juz'i yana nufin yanki. Kowane juz'i izu 2 ne.

Izu ma an raba shi. Rabinsa nusufi, kashi ɗaya cikin huɗu rubu'i, kashi ɗaya cikin takwas sumuni. Ke nan Alƙur'ani sumuni 480 ne. Surori kuwa 114 ne, ko da izu aka ƙirga ko da juz'i.

Almajirai suna kiran izu da kalmar farkonsa. Yaro yana farawa daga ƙasa, ya gama izun Sabbi, ya hau na Amma. Waɗannan biyu su ne juz'i na 30.

Manomi ba ya nome gona rana ɗaya. Kunya-kunya yake bi har ya kai gefe. Haka izu yake. Limamin da ke karanta izu 2 kowane dare a sallar asham zai sauke cikin dare 30. Wanda aiki ya yi wa yawa ya riƙe izu ɗaya kullum, ya sauke cikin wata 2.

Tunda yanzu an iya rubutu da lissafi, kowa ya samu takarda, ya rubuta kwanan wata da inda ya tsaya. Uba kuma ya zauna da ɗansa, su buɗe Alƙur'ani, su duba alamun izu da ke gefen shafi tare.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.