Fam a Landan, Naira a Kano: Lissafin da Ya Kamata Mu Yi



Idan matashi a Kano ya ji cewa mafi ƙarancin albashi a Birtaniya ya kai fam 12.21 a awa guda a watan Afrilun 2025, sai ya ɗauko waya ya buga lissafi. A lokacin fam ɗaya kusan naira 2,000, ke nan aikin awa uku a can ya haura naira 70,000, mafi ƙarancin albashin wata da aka sa wa hannu a Najeriya a watan Yulin 2024. Lissafin daidai ne, amma rabi aka yi. Mai karɓar fam ba a Kasuwar Rimi yake cefane ba.

A Landan, ɗaki guda a gidan da ake haɗa kicin da banɗaki da baƙi yakan kai fam 900 zuwa 1,000 a wata, wajen rabin abin da ƙaramin ma'aikaci yake samu. Sai harajin ƙaramar hukuma a kan gida, sai kuɗin ɗumama ɗaki da hunturu, har kallon talabijin sai da lasisi. Baƙo kuwa tun wajen neman biza ake karɓar fam 1,035 na kiwon lafiya a kan kowace shekara. Abin da ya fi karya iyalai shi ne reno. A nan, mace ta bar jariri wajen kakarsa ko maƙwabciya ta tafi aiki. A can renon yaro guda yana iya lashe albashin uwar, shi ya sa za ka tarar miji yana aikin dare, mata tana na rana, a bakin ƙofa suke gaisawa.

Kada wannan ya sa mu ce gida da sauƙi. Wallahi babu sauƙi. Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2019 ya nuna cewa fiye da rabin abin da gidajen Najeriya ke kashewa a abinci yake tafiya, alhali a Birtaniya bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Wannan tun kafin a cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kafin tashin farashin abinci ya haura kashi 40 cikin ɗari a 2024. Magidanci a Kano yana kuma biyan abin da hukuma ya kamata ta samar: ruwa daga 'yan garuwa, man janareto ko sola, kuɗin 'yan sintiri, makarantar kuɗi, maganin kemis. Haya ma ta shekara ake nema a dunƙule.

Saboda haka tsadar can tana wajen muhalli da aikin ɗan Adam, tamu kuwa tana cikin tukunya. Ta farko tana hana mutum tari, ta biyu tana hana shi ƙoshi, kuma ban yarda a daidaita su ba.

Roƙona ga ɗaliban tattalin arziki shi ne ku ajiye farashin canji gefe, ku auna da lokaci. Ku shiga kasuwannin Dawanau da Singa, ku rubuta awa nawa lebura, malamin firamare da nas za su yi aiki kafin su sayi kwanon shinkafa, litar mai da hayar ɗaki, sannan ku nemo irin wannan daga 'yan'uwanmu da ke Landan da Jidda. Duk mai shirin sayar da gonar gado don biza yana buƙatar waɗannan alƙaluma kafin ya kira dillali.