Yini Guda a Birnin Kudu da Gwaram

Birnin Kudu tana kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, amma yawancin matafiya iyakarsu tasha: su sha mai, su sayi tsire, su wuce. Da za su ba garin yini guda, da sun ga abin da ba a samu a ko'ina.

Hantsi ne lokacin hawa duwatsun Habude, Mesa da Murufu, kafin dutse ya ɗauki zafi. A ƙarƙashin manyan duwatsun akwai zanen shanu da jan launi, na mutanen da. Wanda ya ƙura ido zai lura shanun ba su da tozo, saɓanin na Fulanin yau. Kusa da su kuma akwai duwatsun da ke amsawa kamar ƙuge idan an buga su. Masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya yi nazarinsu a shekarun 1950, yanzu suna hannun hukumar adana kayan tarihi ta ƙasa, kodayake kulawar ba ta kai darajarsu ba.

Bayan azahar sai a kama hanyar Gwaram, a sauka bakin kogi. Da rani ruwa yakan janye ya bar rairayi, masu lambu na ban ruwa a gefe. Da damina kuwa kogin kan cika ya tumbatsa, don haka baƙo ya tambayi 'yan gari kafin ya kusanci gaɓa.